Yadda fursunonin yaƙi suka ƙera rular lissafi ba tare da littafin logaridim ba

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Na ji ana cewa a lokacin Yaƙin Duniya wasu fursunoni sun ƙera wa kansu kayan lissafi a sansanonin da aka tsare su, har da rular lissafi mai zamewa, wai ma akwai kalkuletar da aka ƙirƙiro a cikin sansani. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, layukan da ke jikin irin wannan rula ba tazara ɗaya gare su ba. Mutumin da ba shi da littafin logaridim, ba shi da kayan aiki sai reza da ƙusa, ta yaya zai san inda zai sa kowane layi? Kuma amsar da za ta ba shi abin dogaro ce? Ina so in gwada da ɗalibaina."

Wa alaikumus salam, malam. Abu uku kake tambaya: daga ina lambobin suke fitowa, yaya ake sauke su a kan katako, sannan iya ina amsar take gaskiya. Kuma ka kama inda aikin yake. Sassaƙa katako biyu su riƙa zamewa a jikin juna, kowane kafinta zai yi shi kafin azahar. Wahalar tana wajen layukan. Amsa a taƙaice: wanda ya san dokar logaridim zai iya haƙo duk lambobin da yake buƙata da fensir da takarda kawai, kuma rular da hannu mai natsuwa ya zana tana ba da amsar da kuskurenta bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Su wa suka yi, kuma don me

A raba sansanonin gida uku, don ba hali ɗaya aka zauna a cikinsu ba. Akwai na fursunonin yaƙi, wato sojojin da aka kama. Yarjejeniyar Janiba ta 1929 ta hana a tilasta wa hafsoshi aiki, ta kuma nemi a ƙarfafa wa fursunoni karatu da wasanni. Shi ya sa a sansanonin hafsoshi na Jamus aka buɗe azuzuwa sosai. Masanin lissafin nan na Faransa, Jean Leray, da aka kama a 1940, shi ya shugabanci jami'ar fursunoni a sansanin Oflag XVII-A da ke Ostiriya har 1945. Fursunonin Birtaniya kuwa har jarrabawar Jami'ar Landan suka riƙa rubutawa, Red Cross tana kai musu littattafai da takardun tambayoyi. Japan ta sa hannu a yarjejeniyar amma ba ta zartar da ita ba. Duk da haka a sansanin Changi da ke Singafo, bayan faɗuwar birnin ran 15 ga Fabrairu 1942, fursunoni sun kafa tasu makarantar a watannin farko, kafin a kwashe da yawansu zuwa aikin layin dogo na ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu. Kashi na biyu na farar hula ne, kamar Ruhleben, wani filin sukuwa kusa da Balin, inda aka tsare dubban 'yan Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya. James Chadwick, wanda daga baya ya gano niyutiron a 1932, a can ya yi shekarun yaƙin yana gwaje-gwaje da tarkace. Na uku su ne sansanonin gwale-gwale na 'yan Nazi irin su Buchenwald, inda yunwa da aikin bauta ba su bar wa yawancin mutane sararin karatu ba.

Kayan lissafi na hannu sun fi fitowa daga kashi biyun farko, inda ake da injiniyoyi da masu safiyo da matuƙan jirgi, ga lokaci, ga ɗalibai, amma kayan aikinsu an ƙwace ko sun ɓata a fagen daga. Akwai kuma buƙatar da ta fi karatu matsa wa mutum, wato rabon abinci. Ƙaramin sikelin auna burodi, na sanda da zare da tsinken da ake soka gutsuren a jiki, yana cikin abubuwan da fursunonin Jamus suka riƙa yi a sansanonin Rasha, don giram kaɗan kan jawo faɗa.

Inda lambobin suke fitowa

Ɗauki rula biyu na santimita, ka ɗora farkon ta sama a kan 3 na ta ƙasa, ka dubi ƙarƙashin 4: za ka ga 7. Tarawa ke nan da tsawo. John Napier ya fitar da logaridim a 1614, wanda ke mayar da sau ya koma tarawa: log na a sau b daidai yake da log a haɗe da log b. Edmund Gunter ya zana waɗannan lambobi a jikin sanda wajen 1620, William Oughtred kuma ya haɗa sanda biyu suna zamewa wajen 1622. Dokar zanen ɗaya ce tak: nisan kowace lamba daga farkon rula shi ne tsawon rular sau log ɗin lambar. A rula mai milimita 250, lamba 2 tana kan 250 sau 0.30103, wato milimita 75.3.

To fursuna ba shi da littafin nan mai lamba huɗu da ɗalibanka suke shiga jarrabawa da shi. Amma ba ya buƙatar littafin duka. Daga 1 zuwa 10, log uku kawai zai nema: na 2, na 3, na 7. Na 4 shi ne na 2 sau biyu, na 8 sau uku, na 5 shi ne 1 a cire na 2, na 6 shi ne na 2 da na 3, na 9 shi ne na 3 sau biyu.

Dabarar ita ce neman lambobi biyu da suka kusa zama ɗaya. Idan ka yi 2 sau kanta har sau goma, 1,024 za ka samu, kusa da 1,000 wadda log ɗinta 3 ne. Saboda haka log 2 ya kusa 0.3. A nan mutane da yawa suke tsayawa, kuma a nan rularsu take lalacewa: 0.300 maimakon 0.30103 yana kawar da layin 2 da kimanin kwatar milimita, ya kawar da na 8 da kusan milimita 0.8, tunda kuskuren ya ninku uku. Sai an gyara wannan 24 da ta yi rara. Dokar gyaran: idan x ƙarama ce, log na 1 + x ya kusa 0.4343 sau (x a cire rabin x sau x). A nan x ita ce 0.024, a cire 0.000288, saura 0.023712, sau 0.4343 ya ba da 0.010298. Log 1,024 ke nan 3.010298, a raba goma, 0.30103. Lamba biyar cif, daga layi uku na lissafi.

Haka na 3: 81 ta kusa 80. Log 80 shi ne na 2 sau uku da ƙarin 1, wato 1.90309. Rarar ita ce ɗaya cikin 80, ko 0.0125, gyaranta 0.005395. An samu 1.908485, a raba huɗu tunda 81 ita ce 3 sau kanta har huɗu: 0.47712. Na 7 ya fi sauƙi, domin 7 sau kanta har huɗu 2,401 ne, dab da 2,400; ko ba gyara za ka samu 0.84505, da gyara 0.84510. Kada a yi amfani da 49 da 50 ba gyara, yana ba da 0.8495, fiye da milimita guda ke nan a kan rula. Na 11 daga 99 da 100 yake fitowa, na 13 daga 1,001, wadda ita ce 7 sau 11 sau 13. Sauran lambobin da ba sa rabuwa, irin su 17 da 19 da 23, hanya ɗaya ta ishe su duka: lamba sau kanta daidai take da maƙwabtanta biyu sau juna da ƙarin 1. Misali 23 sau 23 shi ne 529, 22 sau 24 kuma 528. Su kuwa 22 da 24 sun rabu zuwa ƙananan lambobin da ka riga ka samu.

Idan har 0.4343 ɗin ma ta ɓace wa mutum a ka fa? Sai ya koma hanyar Henry Briggs, wanda ya fitar da babban teburinsa a 1624. A nemi tushen murabba'in 10, wato lambar da sau kanta ke ba da 10: 3.16228, log ɗinta rabi ne. A sake neman tushen wannan: 1.77828, log ɗinta kwata. A ci gaba: 1.33352, 1.15478, 1.07461, 1.03663, 1.01815, 1.009035. Wannan ta takwas log ɗinta ɗaya cikin 256 ne, 0.00390625. Ka ɗauki rarar, 0.009035, ka cire mata rabin murabba'inta (ita sau kanta), saura 0.008994, ka raba 0.00390625 da ita, 0.4343 ta dawo. Briggs ya yi wannan cire tushe sau 54 a jere don yana neman lambobi goma sha huɗu. Mai rula takwas sun ishe shi.

Ga inda manyan layuka suke faɗuwa a milimita 250: 1.5 a 44.0, 2 a 75.3, 3 a 119.3, 4 a 150.5, 5 a 174.7, 6 a 194.5, 7 a 211.3, 8 a 225.8, 9 a 238.6, 10 a 250. Ƙananan layukan da ke tsakanin 2.0 da 2.1, ko 3.4 da 3.5, ana iya raba su daidai wa daida, kuskuren bai kai abin da ido zai gani ba. Amma kada a raba tsakanin 1 da 2 haka: tsakiyarsu tana kan 37.6, alhali 1.5 tana kan 44.0.

Sauke layukan

Rular kamfani mai santimita 25 tana da layuka wajen 320 a kowane jeri, mafi matsuwarsu kusan rabin milimita tsakaninsu. Hannu da allura ba za su iya wannan da tsabta ba. Abin da ya dace da aikin hannu shi ne: daga 1 zuwa 2 a yi tazarar 0.02, daga 2 zuwa 5 tazarar 0.05, daga 5 zuwa 10 tazarar 0.1. Tazara 160 ke nan, kuma babu wadda ta gaza milimita guda. Abin da ya faɗa tsakanin layi biyu, ido ke ƙiyasta shi.

Rashin rular awo ba ya tsayar da aikin, domin tsawon rular lissafi ba dole ya zama wani adadi na santimita ba. Ko wane tsawo ne, a raba shi kashi dubu a ƙiyasi. Ana samun wannan da takardar littafin rubutu mai layuka: a karkata tsinken takarda a kanta har bakinsa ɗaya ya taɓa layin farko, ɗayan ya taɓa na goma sha ɗaya, wuraren da layukan suka gitta shi sun raba shi goma daidai. A maimaita wa kowane kashi, an samu ɗari.

Dabarar da ta fi ƙara daidaito ita ce a zana babba a rage. A zana jerin a tsawon mita guda a kan allo ko tebur, a kafa ƙusa nesa da shi, a ja zare daga ƙusar zuwa kowane layi. Sai a ajiye katakon rular a kwata ɗaya na nisan daga ƙusar, inda faɗin zaren farko da na ƙarshe ya zama santimita 25. Kuskuren rabin milimita a babban zanen ya koma kashi ɗaya cikin takwas na milimita. Sharaɗin shi ne katakon ya kwanta daura da babban layin sak. In ya ɗan karkata, gefe ɗaya zai matse ɗaya ya buɗe.

Akwai wata hanya mai ruɗar mutum saboda sauƙinta: a buɗe kamfas daidai nisan 1 zuwa 2, a taka shi gaba a samu 4 da 8, a taka shi baya daga 10 a samu 5 da 2.5 da 1.25. Lissafin daidai ne, amma kowane taku yana ɗora kuskurensa a kan na baya. A auna kowane layi daga farkon rula, a bar kamfas don dubawa.

Wajen zanen, a matse harshen rular, wato katakon tsakiya mai zamewa, a cikin uwarta yadda ba zai motsa ba, a ɗora ƙaramar sikwaya, a ja layi ɗaya da allura ko bakin reza ya ratsa harshe da uwa lokaci guda. Fensir ba ya yi, kaurin layinsa kan kai rabin milimita. Bayan an gama a shafa baƙin fitila da ɗan mai a cikin tsagar, a goge saman, layukan su fito baƙi sirara. A yi su tsawo uku, dogo da matsakaici da gajere, in ba haka ba ido zai riƙa ɓata wajen ƙirga.

Katako da gam

Jikin rular hawa biyu ne: faffaɗan katako a ƙasa, kamar santimita 30 a tsawo da 4 a faɗi, sai sirara guda uku a samansa, biyu na gefe a kafe, na tsakiya yana yawo. A tsaga ukun daga katako ɗaya. A ɗan karkata gefunan harshen, ƙasansa ya fi samansa faɗi, don kada ya faɗo in an kife rular. Santsi kuwa daga kakin kyandir ko garin bakin fensir. 

Katako yana shan laima yana bushewa, amma ba ko'ina yake motsi daidai ba. A tsawonsa, bin jijiyar itace, da ƙyar yake canzawa. A faɗinsa yana iya motsawa da kashi biyar cikin ɗari ko fiye daga ɗanye zuwa busasshe. Don haka layukan su jeru bin tsawon jijiya. Motsin faɗin shi ke sa harshe ya cije da damina ya yi sako-sako da rani, maganinsa ɗan lanƙwasasshen gwangwani a cikin kwarmin yana tura harshen gefe ɗaya. Fursunonin da ke hannun Japan sun yi sa'a ɗaya a nan: gora tana kewaye da su, kuma tana cikin mafi dacewar abin yin wannan aiki. Kamfanin Hemmi na Japan da gora ya riƙa yin rulolinsa, yana lulluɓe ta da farar roba.

Inda na fi ganin aikin masu koyo yana ɓaci shi ne manna takarda. Mutum ya zana jerinsa tsaf a takarda, ya shafa gam mai ruwa, takardar ta jiƙe ta miƙe da kashi ɗaya cikin ɗari ko fiye, wato milimita biyu da rabi a tsawon rular. Da duka jerin biyu za su miƙe daidai da babu laifi, tunda rular ba ta damu da tsawonta ba muddin harshe da uwa sun yi daidai. Matsalar ita ce ba sa miƙewa daidai. A manna farar takarda tukuna, ta kwana ta bushe, a tsaga ta da reza bin bakin harshe, sannan a zana. Fursunonin Birtaniya da suka ƙera jirgin sama marar inji a ɗakin saman gidan yarin Colditz, da dafaffen gero suka shafe ƙyallen fikafikansa, don in ya bushe yana jan ƙyallen ya ɗame. Wannan jan da ya amfane su shi ne ke karkatar da layukan mai rula.

Saura tagar karatu, ɗan abin da ke yawo a saman rular da siririn layi. Kowane abu mai garai-garai zai yi: gutsuren gilashi, robar tagar jirgi, robar jakar taswira, a riƙe da gwangwani. A karce layin a fuskar da ke kallon katako. In yana sama, kaurin gilashin zai sa lambar ta riƙa sauyawa duk lokacin da mai karatu ya karkata kai. In sau da rabawa kawai za a yi, ba a ma buƙatar tagar. Ga aji, kwali mai kauri ya wadatar, kuma gara a yi rular santimita 50: hannun ɗalibi zai sami sarari, kuskuren kuma ya ragu da rabi.

Gwaji da iyakar daidaito

Rular da aka zana harshe da uwa tare kullum kyakkyawa ce in tana rufe, domin kowane kuskure yana gefe biyun. Sai an zame ta asirinta ke tonuwa. Ɗora 1 na harshe a kan 2: dole 1.5 ta hau 3, 2 ta hau 4, 2.5 ta hau 5, 3 ta hau 6, 4 ta hau 8, 5 ta hau 10. Sai ka ɗora 1 a kan 3 ka duba 6 da 9, ka ɗora a kan 1.4 ka ga ko 5 ta hau 7. In lamba ɗaya ce ke saɓawa ko'ina, layinta ne ya kauce. In 4 ta kauce kaɗan, 8 ta fi ta, log 2 ne ba a gyara ba. In jiya daidai ne yau 1 da 10 sun ƙi haɗuwa a bakin biyu tare, katako ne ya motsa.

Ƙa'idar kuskuren mai sauƙin riƙewa ce: a rular milimita 250, kaucewar kashi ɗaya cikin goma na milimita tana jawo kuskuren kusan ɗaya cikin dubu a amsa, ko a wane gefen rular ne. Kwatar milimita, 0.23 cikin ɗari. Rabin milimita, 0.46 cikin ɗari. Rular ba ta nuna wurin ɗigo: 23.5 sau 0.41 da 2.35 sau 4.1 zamiya ɗaya ce, za ka karanta tsakanin 963 da 964, kai za ka ƙiyasta cewa 20 sau 0.4 takwas ne, don haka amsar kusan 9.63 ce. Ba ta kuma tarawa ko ɗebewa.

Ko wannan ya isa? Ya danganta da aikin. Ramin da fursunoni suka gudu ta cikinsa a sansanin Jamusawa na Stalag Luft III daren 24 ga Maris 1944, inda 76 suka fita, aka sake kama 73, aka harbe 50, tsawonsa ya ɗan haura mita 100, faɗi da tsayinsa wajen santimita 60 kowanne. Yashinsa ke nan kimanin kubik mita 36, kuma rabin kashi cikin ɗari ba ya canza wa masu ɓoye shi komai. Amma ramin ya ɓulla kafin ya isa cikin itatuwan da aka nufa. Ga misali nawa na yadda awon nesa ke cin amana, ba alƙaluman wancan sansanin ba ne: ka auna layin mita 20 a cikin shinge, ka hangi bishiyar da ke daura da bakinsa ɗaya, kusurwar daga ɗaya bakin ta zama digiri 78.7, nisan mita 100 ne. In ma'aunin kusurwarka na kwali ya ba ka 77.7, amsar ta koma ƙasa da mita 92. Digiri guda ya ci mita takwas, rular lissafin kuwa ko da ta yi mummunan kuskure rabin mita za ta ci.

Ana kuma yin ta da'ira: faifan kwali biyu, ƙarami a kan babba, da fil a tsakiya. Kusurwar kowace lamba ita ce log ɗinta sau 360: 2 a digiri 108.4, 3 a 171.8, 5 a 251.6, 7 a 304.2. Faifai mai faɗin santimita 8 kewayensa ya kai na rular santimita 25, ya fi sauƙin ɓoyewa, kuma amsa ba ta taɓa faɗawa bayan ƙarshen jeri. Lagonsa ramin tsakiya: in ya kauce ko ya buɗe da rabin milimita, kusan rabin kashi cikin ɗari ya tafi. A sa masa maɓalli ko zoben takalmi.

Inda ake son amsa cif

Mai rabon abinci ko mai riƙe asusun kantin sansani ba ya son "kusan". Shi abakus ya fi masa. Na Rasha ya fi sauƙin ƙerawa: firam na katako, wayoyi a kwance, ƙwaya goma a kowace waya, biyun tsakiya da wani launi don ido ya ƙirga da sauri. A ɗan gantsara wayoyin sama a tsakiya, ƙwayoyin su tsaya inda aka tura su. Wani fursunan yaƙi ne ma ya kai shi Faransa: Jean-Victor Poncelet, injiniyan sojan Napoleon da aka kama a 1812 aka tsare a garin Saratov na Rasha, ya koma gida a 1814 da shi, aka shiga koyar da yara ƙirga da irinsa.

Sau na cif kuma hanya biyu gare shi da takarda kawai. Ɗaya sandunan Napier na 1617: tsinke guda ga kowace lamba, an rubuta jadawalin saunta daga sama zuwa ƙasa, gommai da ɗaiɗai an raba su da karkataccen layi. Don 467 sau 6, a jera tsinken 4 da 6 da 7, layi na shida ya nuna 24, 36, 42. A tara a karkace, 2,802. Ta biyun ta fi burge ni, kuma ba a cika koyar da ita ba: teburin kwatar murabba'i. Ka tara lambobin biyu, ka ɗebe su, ka duba kwatar murabba'in kowanne, ka cire. Ga 47 sau 36: jimla 83, bambanci 11, teburin ya ba da 1,722 da 30, an yar da ɓurɓushin bayan ɗigo, amsa 1,692. Teburin kansa da tarawa kawai ake gina shi, domin daga 1 zuwa 10 yana tafiya 0, 1, 2, 4, 6, 9, 12, 16, 20, 25, ƙarin yana hawa 1, 1, 2, 2, 3, 3, 4, 4, 5.

Batun kalkuletar

Wadda ka ji labarinta Curta ce, kuma labarin yana buƙatar gyara: ba a ƙera ta a sansani ba, zana ta aka yi. Curt Herzstark, haifaffen Biyana a 1902, ɗan mai masana'antar injinan lissafi ne, kuma tun 1938 ya yi rajistar dabarar. Mahaifinsa Bayahude ne. An kama shi a 1943 aka kai Buchenwald, aka sa shi a masana'antar Gustloff da ke jikin sansanin saboda ƙwarewarsa. Masu tsaronsa suka ba shi damar zana injin da nufin miƙa wa Hitler kyauta in an ci yaƙi. Ya zana sassansa daga ka, da awonsu, har sojojin Amurka suka iso ran 11 ga Afrilu 1945.

Abin da ya sa injin ya ƙanƙance har ya shiga tafin hannu shi ne mayar da ɗebewa tarawa. Don cire 214 daga 835, a cike kowace lamba ta 214 zuwa tara, a samu 785. A tara da 835, a ƙara 1, ya zama 1,621. A yar da 1 na gaba, saura 621. Da wannan, ganga ɗaya mai jerin haƙora biyu ta isa: ka juya hannun a ƙasa ta tara, ka ɗaga shi sama ka juya ta ɗebe. Amma sassanta ɗaruruwa ne na ƙarfe da sai injin masana'anta ke iya yanka su, babu wata alaƙa da aikin reza da ƙusa. Bayan an sako shi ya kai zanen wata masana'anta kusa da garin Weimar na Jamus aka yi samfuri uku, daga nan kamfanin Contina a Liechtenstein ya shiga ƙera ta a ƙarshen shekarun 1940. Nau'in farko da aka fitar kasuwa yana karɓar lamba 8 ya ba da amsa mai lamba 11. An yi wajen guda 140,000 kafin a daina a farkon shekarun 1970, lokacin da kalkuletar lantarki ta aljihu ta shigo kasuwa.